Ko doki ba a sakar wa yaro linzami

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau ya ga irin yaron nan: bai fi shekara bakwai ko takwas ba, an naɗa masa rawani, yana bisa doki cikin tawagar wani hakimi yana ɗaga wa jama'a hannu. Kowa shi yake kallo. To amma ka sauke ido ƙasa kaɗan. Akwai ƙato guda riƙe da linzami, ga wani yana tafe dab da likkafa, hannunsa ba ya nisa da cinyar yaron. Dokin kansa zaɓo shi aka yi, mai sanyin hali, wanda ƙarar bindiga da algaita ba sa razana shi. Babu hukumar da ta rubuta wa iyayenmu wannan tsari. Sun dai san doki, sun san yaro, sun kuma san abin da ke faruwa in aka bar su su biyu.

Sallar da ta wuce na kai 'ya'yana wani fili a gefen gari, ta wajen Kufena, inda wani matashi yake ba da hayar babur mai ƙafa huɗu, irin wanda tayoyinsa ke da ƙiba da manyan haƙora. Ka biya, ka yi zagaye ɗaya ko biyu. Layi ya yi tsawo, kuma fiye da rabin masu jira yara ne. A gabana aka ɗora wani da ba zai wuce shekara tara ba, cikin shaddarsa ta Sallah, silifas a ƙafa, hular zanna a ka. Ƙanwarsa ta fashe da kuka ita ma sai ta hau, uban ya ɗaga ta ya dasa a bayan wanta. Mai babur ya nuna wa yaron wani ɗan madanni ƙarƙashin babban yatsansa na dama, ya ce, "Nan za ka danna." Iyakar karatun ke nan. Ko birki bai nuna masa ba.

Yaro ya danna, babur ya zabura, yarinya ta yi baya ta cakumi wuyan rigarsa. Da tsoro ya kama shi sai ya ƙanƙame kan babur iya ƙarfinsa, kuma ƙanƙamewar nan ce ta ƙara danne wutar. Da idona na ga tayoyin gefe guda sun rabu da ƙasa lokacin da ya so kauce wa wani suri. Allah ya sa suka faɗa cikin yashi mai zurfi babur ya cije ya tsaya. Uban yana riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo, sai da yarinyar ta ƙwalla ƙara sannan ya sauke ta ya ruga. Nawa suka ja mini riga, "Baba, saura mu." Na ce a'a. Har muka iso Tudun Wada ƙaramin bai daina kuka ba, ni kuwa har yau ban yi nadama ba.

Abin da ke yaudarar mutane game da baburin nan shi ne ƙafa huɗun. Ido na ganin abu ya tsaya da kansa ba jingina, sai zuciya ta ce ai wannan ba ya faɗuwa. A tsaye kam ba ya faɗuwa, a tafe ne yake kifewa. An ƙera shi da tsawo don kada cikinsa ya riƙa bugun dutse da kututture, ga shi ba shi da faɗi sosai, saboda haka nauyinsa a sama yake. Kwana da gudu, ko gangare, ko taya ɗaya ta hau tudu, sai ya juye. Mai ƙafa biyu in ya faɗi yakan watsar da mutum gefe. Shi wannan binka yake yi ya danne. Na manya yakan kai kilo 250 zuwa 350, wasu ma sun fi haka. Wato buhun taki biyar zuwa bakwai a kan ƙirjin yaro mai shekara tara. Mutum na iya mutuwa a ƙarƙashinsa babu ko ƙwarzane a jiki, numfashi ne kawai ya gagara.

Doguwar kujerar da uban nan ya gani ya ɗora 'yarsa, ita ma ba wurin goyo ba ce. Yawancin baburan nan na mutum ɗaya aka yi su, kuma masu ƙera su na liƙa gargaɗin haka a jikinsu. An tsawaita kujerar ne don mai tuƙi ya riƙa matsawa: in zai hau tudu ya yi gaba, in zai gangara ya ja baya, in zai sha kwana ya karkata jikinsa ciki. Da nauyin jiki ake sarrafa shi. Yaro mai kilo 30 ko ya karkata, babur bai san ya yi ba, in kuma aka ƙara masa goyo an toshe masa ɗan wurin motsin da yake da shi. Kwalta ma ba wurinsa ba ce. Tayoyinsa masu sassaucin iska na yashi da laka ne, kuma da yawansu tayoyin baya a kan ƙarfe ɗaya suke, gudunsu ɗaya, don haka a kwana dole ɗaya ta ɗan zame. Ƙasa na yarda ta zame, kwalta kuwa riƙewa take yi, sai babur ya ɗaga gefe. Duk da haka na sha ganinsa a jerin gwanon angwaye a kan titi, samari biyu ko uku a kai.

Waɗanda suka fara amfani da shi sun riga mu shan wahalarsa. Kamfanin Honda ya fitar da mai ƙafa uku a 1970, ya karɓu sosai a Amurka, ya kuma hallaka mutane da yawa, ciki har da yara, har a 1988 gwamnatin ƙasar da kamfanoni suka cimma yarjejeniyar daina sayar da sababbin masu ƙafa uku. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta tsaya a kan cewa wanda bai kai shekara 16 ba kada ya tuƙa irin wannan babur. A Ostareliya, inda manoma ke aiki da shi kullum kuma yake cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gona, tun watan Oktoban 2021 ba a sayar da sabo na aiki sai da wani ƙarfe a jikinsa da zai tokare ƙasa in ya kife, ya bar wa wanda ke ƙasa sarari. Waɗannan ƙasashe ne da motar asibiti ke zuwa in an kira ta. Mu kuwa a bayan Keke Napep za a kwantar da yaro daga fili zuwa asibitin koyarwa na Shika, ana ta buga ramuka da wuyansa.

Amma in zan faɗi gaskiya, mai ƙafa huɗu baƙo ne a wurinmu, na kwanakin Sallah da biki. Wanda ya fi tsorata ni yana kwana a zaurukanmu.

Yayana na noma a fadamar Galma, ta wajen Dakace. Damina biyu da suka wuce, lokacin zuba taki, aiki ya yi masa yawa, sai ya aiki ɗansa mai shekara goma sha biyu ya kai buhu ɗaya gona a kan babur ɗinsa mai ƙafa biyu, Boxer. Yaron "ya iya" babur, irin iyawar da muke cewa an iya: yana tayar da shi, yana sa giya, yana zagaya unguwa. In zai tsaya sai ya nemi dakali ko dutse ya taka, don ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Baburin ya haura kilo 100, buhun kilo 50 ne, yaron bai kai 40 ba. Hanyar gona kuwa kowa ya san ta da damina: nan yashin da ruwa ya tara, can taɓo mai santsi, gaba zaizaya ta cinye rabin hanya. Tayar gaba ta shiga yashi, kan babur ya murɗe, ya damƙi birkin gaba, sai ga shi a ƙasa. Salansa ta kwanta a kan ƙwaurinsa. Ya kasa ɗaga baburin, yana nan yana ƙonewa har sai da wasu masu noma kusa suka jiyo ihunsa.

Ƙunar ce kowa ya gani, ita aka yi ta jajantawa. Aka shafa mata man goge baki, abin da bai kamata ba, don ruwa mai sanyi da tsabta ake ta zuba wa ƙuna na kamar minti ashirin. Kumburin da ke gefen kansa kuwa aka ce ƙululu ne kawai, zai saɓe. Ai ya tashi da ƙafarsa, ya yi magana, har ya ci tuwo. Bayan isha'i ya fara amai, daga nan barci mai nauyi, ana tashinsa yana komawa. Matar yayana ce ta bugo mini waya, muryarta na rawa: "Don Allah ka zo, barcin yaron nan bai yi mini ba." Cikin daren muka kai shi Shika. Hoton kai ya nuna tsagewa a ƙashi da ɗan jini a ciki. Allah ya taƙaita, ba a kai ga yin aiki ba, amma mun yi kwanaki muna kallon numfashinsa.

A barandar asibitin na ce da yayana, "Yaya, me ya sa ka ba shi makulli?" Bai ɗago kai ba ya ce, "To wa zan aika? Taki na jira, hadari ya haɗu." Na yi shiru, domin abin da ya faɗa gaskiya ne. Ba ganganci ya sa shi ba, buƙata ce. Shi ya sa ba na son masu zagin iyaye a kan wannan batu kamar ba su san halin da ake ciki ba. Sai dai kuɗin da aka kashe a daren farko kaɗai ya isa a ɗauki ɗan acaba ya yi ta jigilar taki har ƙarshen damina.

Bugun kai mayaudari ne, ina so kowace uwa ta riƙe wannan. Jini na iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai alhali yaro na magana yana wasa, sai bayan awanni ya fara danne ƙwaƙwalwa. Amai da ake maimaitawa, barcin da ba a iya tashinsa sosai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewar magana, jijjiga, jini ko wani ruwa daga kunne ko hanci, ko ya suma ko da na ɗan lokaci ne a wurin faɗuwar: ko ɗaya aka gani, asibiti ne a take, ba a jiran gari ya waye. In kuma yana kukan wuya ko baya, ba a sunkuce shi a saɓa a kafaɗa. A kwantar da shi a miƙe a kan wani abu mai tauri, wani ya riƙe kansa kada ya juya. Masu ɗori na da matsayinsu a garin nan, ba na raina su, amma kai da wuya da gadon baya da karayar da ta fasa fata ba nasu ba ne, kuma ɗaurin da ya matse hannun yaro har jini ya daina zagayawa na iya kaiwa ga yanke hannun.

Da hular kwano a kansa, da wataƙila ƙunar ce kawai labarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawo alƙaluman da ke nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Ita ce kuma ta ce haɗuran hanya su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Mutane na cewa ai a gona ba gudu ake yi ba. To wanda ya bugi bishiya yana tafiyar kilomita 30 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita uku da rabi, wato daga kan soro. In ya kai 50, mita goma ke nan. Kuma ƙasar marmara da rani ba ta fi kwalta taushi ba.

Na tuna farkon 2009 da aka tsananta dokar hular kwano a ƙasar nan, yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce: wasu na kukan tsada, wasu na gudun cutar fata a hular da kowa ke sawa, wasu na tsoron asiri, har a wasu garuruwa aka ga masu kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Mun ɗauke ta a matsayin abin gudun jami'i, shi ya sa da jami'i ya gaji muka ajiye. A hanyar gona kuwa, inda babu jami'i, ba ta taɓa zuwa ba. Uzurin haya da cutar fata bai shafi uban da zai saya wa ɗansa tasa ba. Sai dai ta zama ta gaske: mai kauri a ciki, daidai kan yaron, igiyar haɓa a ɗaure. Hular 'yan gini ta roba ba ta wannan aiki ba ce, ta babba a kan ƙaramin yaro kuma ita ke fara tashi kafin ya kai ƙasa.

Maganar da na fi ji daga sa'o'ina ita ce, "Mu ma ai haka muka tashi." Ba haka muka tashi ba. Mu da keke muka tashi, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, muna faɗuwa muna ƙuje gwiwa. Gudun keke iyakarsa ƙarfin ƙafar yaro ne. In ya gaji ko ya tsorata, keke ya tsaya. Inji bai san gajiya ba, bai san tsoro ba, murɗa hannu kaɗan zai ba yaro ƙarfin da ya ninka nasa sau da yawa. Sai kuma masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Ɗa kuwa amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Dokar ƙasa ta ce sai mai shekara 18 ake ba lasisin tuƙi. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗura tun 1988, akwai 'yan Kastiliya, masu kula da dokokin hanya na jihar Kaduna. Za ka same su a Kwangila, a PZ, a Ƙofar Doka. Ba za ka same su a burtalin da ya ratsa gonakin Bomo ba, ko hanyar fadamar Galma, ko filin da ake hayar babur ran Sallah, kuma ba na tsammanin za a taɓa samun isassun jami'an da za su tsaya a can. A waɗannan wurare doka ɗaya ce ke aiki, ita ce ta wanda makulli ke aljihunsa.

Shi ya sa nake ganin a koma tsarin doki, mataki-mataki. Ƙaramin yaro keke ne nasa. Goyo ma sai ƙafarsa ta kai mataki ya iya riƙe na gaba da kyau, ba a ɗora shi kan tanki ba, inda shi ne zai fara cin karo, ba kuma a bar diddigensa na lilo kusa da wayoyin taya ba. 'Yan mata da iyayensu su tattare hijabi da gyale su zauna a kai, domin sarƙa in ta kama tufa ba ta saki. In yaro ya girma har tafin ƙafarsa biyu na kwantawa ƙasa yana zaune, kuma yana iya ɗaga baburin shi kaɗai in ya faɗi, sai a fara koya masa a fili babba na tare da shi, kuma birki ake fara koyarwa kafin wuta. A koya masa cewa ba a damƙar birkin gaba a yashi ko taɓo, ba a shiga ruwan da ba a ga ƙasansa ba, in shanu sun tare burtali tsayawa ake yi, kaya a ɗaure su ƙasa-ƙasa kuma kada su fi ƙarfinsa, takalmi ya zama mai rufe ƙafa, ya faɗi inda za shi, ya dawo kafin magariba. Titi kuwa sai ya kai shekarun lasisi.

Masu hayar babur mai ƙafa huɗu ba na neman a hana su neman abinci. Matashin nan da na gani sana'a ya kama, ya fi mai zaman banza. Amma wanda ke karɓar kuɗin mutane yana ɗora 'ya'yansu a kan inji, akwai haƙƙi a wuyansa. Akwai ƙananan babura da aka yi don yara, masu ƙaramin inji, da ɗan kusar da ake ɗaurewa a rage musu gudu. In ba shi da irinsu, to babban na manya ne kawai. Hular kwano ta zama cikin kuɗin haya, mutum ɗaya a kai, fili shimfiɗaɗɗe mai iyaka, 'yan kallo a bayan igiya. Ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari na iya gindaya wannan sharaɗi ga duk mai son buɗe irin filin nan, masu unguwanni kuma su suka fi kowa sanin inda ake yi. Ga shi kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta ƙasa a nan garin take, a kan hanyar Basawa, tun 1986. Ina fata wata rana a lokacin dogon hutu ta buɗe ƙofa ga samarin ƙauyukan da ke kewaye da ita, ta koya musu tuƙin hanyar ƙasa da taimakon farko, ko da na kwana uku ne. Limamanmu ma, huɗuba ɗaya gab da Sallah a kan amanar yara da abin hawa za ta kai inda allon gargaɗi ba ya kaiwa.

Ɗan yayana yanzu shekararsa goma sha huɗu. Tabon salansa na nan a ƙwaurinsa, fari, faɗin tafin hannu. Ubansa ya saya masa keke mai kariya, rabin buhu yake ɗauka ya yi sawu biyu, yana yi yana ƙunƙuni don abokansa na wuce shi a kan babur. Makullin Boxer yanzu a aljihun yayana yake kwana, akwai kuma hular kwano biyu rataye a ƙusa a zaure. Kwanan baya yaron ya same ni, "Baba, ka sa baki mana, ai na girma." Na kai maganar wurin ubansa. Yayana ya ce sai ranar da tafin ƙafarsa biyu suka kwanta ƙasa, kuma ko ranar nan shi da kansa zai zauna a bayansa.